Kama Ka Saki, ko a Rufe Tafki? Taƙaddamar Fatsar Bazara a Mille Lacs

A bazarar 2016 hukumar kula da albarkatun ƙasa ta jihar Minesota, can arewacin tsakiyar Amurka, ta gindaya wa masu fatsa a tafkin Mille Lacs wani sharaɗi mai sauƙin faɗi: duk kifin wolai da ka kama, ka cire masa ƙugiya ka mayar da shi ruwa, ko ɗaya ba za a tafi da shi gida ba. Amma tun watan Agusta bai ƙare ba hukumar ta sanar cewa masu fatsa sun riga sun zarce nauyin kifin da aka yarje musu su kashe a shekarar. Kifin da bai shiga kasko ba, bai hau wuta ba, me ya kashe shi? A kan wannan tambaya mutanen jihar suka rabu gida biyu, kuma har yau ba su gama haɗewa ba. Wasu na cewa in zafi ya tsananta a watan Yuli a rufe fatsar wolai ɗungurungum, domin saki a ruwa mai ɗumi kisa ne da ba a gani. Wasu na cewa rufe tafki a tsakiyar bazara yanke wa talakawan bakin ruwa hanyar abinci ne a kan lissafin da aka yi a ofis.

Kafin mu shiga hujjojin kowa, ya kamata mai karatu ya san girman abin da ake jayayya a kai. Minesota na kiran kanta ƙasar tafkuna dubu goma, kuma ba cika baki ba ne, don an ƙirga tafkuna 11,842 masu faɗin eka goma zuwa sama. Kowace shekara ana sayar da lasisin fatsa fiye da miliyan ɗaya. Ranar buɗe fatsa, wata Asabar a tsakiyar watan Mayu, gwamna da kansa yake shiga jirgi ya jefa ƙugiya, al'adar da ta faro tun 1948. A 1998 jama'ar jihar suka kaɗa ƙuri'a aka rubuta a kundin tsarin mulkinsu cewa farauta da su gado ne da za a adana wa na baya. Shi kuma wolai, tun 1965 aka ayyana shi kifin jiha. Kifi ne dogo mai ruwan zinariya-zinariya, da manyan idanu masu ƙyalli waɗanda ke ba shi damar gani a duhu, shi ya sa ya fi cin abinci da asuba, da magariba, da ranar da iska ta dama ruwa. Namansa fari ne, ba ƙarni, ba yawan ƙaya. A garin Garrison, bakin tafkin ta yamma, har gunkinsa aka kafa ƙato a gefen titi, matafiya na tsayawa ɗaukar hoto.

Mille Lacs ɗin kuwa tafiyar sa'a biyu ce a mota arewa da Minneapolis. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 530, har in ka tsaya a wannan gaɓa da ƙyar ka hango waccan. Sai dai ba shi da zurfi, inda ya fi nisa ƙasa bai wuce mita 13 ba. A riƙe wannan a zuciya, zai yi mana amfani nan gaba.

Ba jihar kaɗai ke da iko da kifin tafkin ba. A 1837 al'ummar Ojibwe, 'yan asalin yankin, suka sallama wa gwamnatin Amurka ƙasa mai yawa bisa yarjejeniyar cewa za su ci gaba da farauta da su a cikinta. Da tafiya ta yi nisa jihar ta yi biris da wannan alkawari, har sai da Ojibwe na Mille Lacs suka kai ƙara a 1990. A watan Maris na 1999 Kotun Ƙolin Amurka, da alƙalai biyar a kan huɗu, ta tabbatar musu da haƙƙinsu. Tun daga nan, kowace shekara masana na jiha da na ƙabilu takwas na Ojibwe ke zama su tsayar da nauyin wolai da za a iya cirewa ba tare da an gurgunta tafkin ba, sannan a raba. A 2012 adadin ya kai kusan tan 227. A 2013 aka raba shi biyu. A 2014 ya koma kusan tan 27, a 2015 kusan tan 18, inda masu fatsa na jiha suka sami tan 13, Ojibwe tan 5. Ranar 3 ga Agusta 2015, karo na farko a tarihin tafkin, aka rufe fatsar wolai a tsakiyar bazara.

Masu goyon bayan rufewa suna fara hujjarsu ne daga jikin kifin kansa, kuma a nan ne, a ganina, ƙafarsu ta fi kafuwa. Kifi ba ya riƙe zafin jikinsa kamar mutum; yadda ruwa yake haka jininsa yake. In ruwa ya yi ɗumi, komai na jikinsa sai ya ƙara gudu, buƙatarsa ta iskar numfashi ta ƙaru. A daidai wannan lokacin kuma ruwan ke rage riƙe iskar: ruwa mai zafin digiri 25 a ma'aunin Salshiyos na ɗauke da kusan kashi uku cikin huɗu ne kawai na iskar da yake riƙewa a digiri 10. To, ɗauki kifin da ke cikin wannan hali, ka sa shi kokawa da zare na minti biyu ko uku, ka ɗaga shi da homa, ka kwantar da shi a ƙasan jirgi da rana ta gasa, ka sa ɗan ƙarfe kana laluben ƙugiya a maƙogwaronsa, ka riƙe shi sama a ɗauki hoto, a sake ɗauka don na farko bai fito ba. Sannan ka sunkuya ka sa shi a ruwa, kana riƙe da wutsiyarsa har ya motsa. Ya buga wutsiya sau ɗaya ya nutse. Kai dai ka ga ya tafi da ransa, zuciyarka fari tas. Abin da ba ka gani shi ne bayan kwana ɗaya ko biyu, lokacin da zai kife ciki sama a wani lungu, ko ya nutse ƙasa ba wanda ya sani.

Wannan ba zato ba ne. Masanan hukumar, Keith Reeves da Richard Bruesewitz, sun yi gwaji a tafkin da kansa, suka karɓi kifin da masu fatsa suka kama suka ajiye shi kwanaki a kejin raga cikin ruwa don su ga nawa zai rayu, aka buga sakamakon a 2007. A watan Mayu, ruwa da sanyi, kusan babu wanda ya mutu. A Yuli da Agusta, da ruwa ya haura digiri 20, fiye da ɗaya cikin kowane goma ya mutu. Kifin da ya haɗiye ƙugiya har ciki ya fi saurin mutuwa, kuma hakan ya fi faruwa in an sa abinci mai rai a ƙugiya, irin su matsattsaku da tana da ƙananan kifaye, waɗanda su ne mutanen Mille Lacs suka fi yarda da su. Ɗaya cikin goma ba ya da yawa a kunne. Amma ka ninka shi da dubban jirage, kowane jirgi da mutum biyu ko uku, kowa na sakin kifi goma ko ashirin a yini, tsawon makonni. Da haka aka cinye rabon 2016 alhali a bazarar ba a soya ko ɗaya ba. Kuma a nan rashin zurfin tafkin ke shigowa. A tafki mai zurfi ruwa kan yi hawa-hawa da bazara, na sama da ɗumi, na ƙasa da sanyi, kifin da ya galabaita ya gangara ya huta. A Mille Lacs iska na juya ruwan daga sama har ƙasa, don haka in ya ɗumama ya ɗumama gaba ɗaya, babu mafaka.

Hujjarsu ta biyu ta fi wuyar haɗiyewa ga mai fatsa, domin tana ƙaryata abin da idonsa ke nuna masa. A shekarun da hukuma ke kukan kifi ya ragu, a shekarun ne aka fi kama shi. Mutum ya fita da safe, kafin azahar ya kama talatin, ya dawo gaɓa a ce masa tafki na cikin haɗari. Wa zai yarda? Amsar masana ita ce yawan cizon ƙugiya ba ma'aunin yawan kifi ba ne, ma'aunin yunwarsa ne. Babban abincin wolai a tafkin wasu ƙananan kifaye ne masu launin rawaya da ratsi-ratsi da ake kira fac. Shekarar da suka yi yawa, wolai na ƙoshe, ba ya ko kallon ƙugiyarka. Shekarar da suka yi ƙaranci, kome ka jefa masa sai ya kai baki. Wato lokacin da fatsa ta fi daɗi shi ne lokacin da kifin ya fi rauni, kuma a lokacin ne manya ke juyawa su cinye 'ya'yansu.

Suna kuma da misali a hannu. Tafkin Red Lake, arewa da Mille Lacs, wolai ɗinsa ya kusan ƙarewa a shekarun 1990 saboda yawan kamu. Ojibwe na Red Lake suka dakatar da sun kasuwanci a 1997, jiha ta hana ɗaukar wolai a nata ɓangaren a 1999, aka zuba 'ya'yan kifi, aka yi haƙuri. A 2006 aka sake buɗewa, kuma yau yana cikin tafkunan da aka fi zuwa neman wolai a jihar. Shekara bakwai aka jure a can, in ji su, mako biyu ko uku na Yuli ne zai gagara a nan? Mu ma wannan dabara ba baƙuwarmu ba ce: a Argungu ba a barin kowa ya shiga Matan Fada da koma sai ranar da aka buɗe ruwa, shi ya sa ake samun abin nunawa ranar.

To, mu juya ɗaya ɓangaren, kuma kada a yi musu kallon jahilai masu son kai, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ka duba mutumin da ke da ɗakunan haya goma a bakin tafki kusa da Isle ko Wahkon, da shagon sayar da matsattsaku da man jirgi, da babban jirgi ɗaya mai ɗaukar baƙi ashirin ko talatin zuwa tsakiyar ruwa. Ƙanƙara ba ta barin tafkin sai ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu. Yara ba sa samun hutun makaranta sai Yuni, su koma farkon Satumba. Makonnin da iyali za su iya zuwa su kwana bakwai ke nan, kuma tsakiyarsu shi ne Yuli, watan bikin 'yancin Amurka. Bashin banki, harajin fili, albashin 'yan aiki, gyaran jirgi, yawancinsu daga waɗannan makonni ake fitar da su. In ka rufe masa Yuli, ba ka ɗauke masa kashi ɗaya cikin goma sha biyu na shekara ba, ka cire masa tsoka ka bar shi da ƙashi. Ga shi baƙi tun hunturu suke kama ɗaki. A 2015 rufewar ta zo ne bagatatan, mutane sun riga sun biya kuɗin ajiya. A 2017 aka ce za a rufe makonni uku na Yuli, sai kuma aka tsawaita zuwa cikin Agusta. Iyalin da suka saba zuwa tun zamanin kaka, in aka mayar da su baya sau biyu, sai su koma Leech Lake ko Lake of the Woods, su saba da can, ba su ƙara dawowa. Ƙananan masaukan bakin tafki dama suna ta raguwa a jihar shekara da shekaru, masu kuɗi na saye suna rushewa su gina gidajen hutu na kansu. Duk masaukin da ya rufe, ƙofa ce ta rufe ga mai ƙaramin ƙarfi da ba shi da jirgi ba shi da gida a bakin ruwa.

Fushinsu ya fito fili. A 2015 Gwamna Mark Dayton ya nemi majalisa ta yi zama na musamman don a tallafa musu, zaman bai yiwu ba. A 2016, da aka zarce rabo, ya ba da umurni a bar tafkin a buɗe har farkon Satumba, abin da ya ɓata wa ƙabilun Ojibwe rai, daga baya kuma aka cire rarar daga rabon shekarun gaba. A Yulin 2017 ya je tafkin don ya tallata fatsar wani kifin, sai masu zanga-zanga suka kewaye jirginsa da nasu jiragen, ɗauke da kwalaye.

Ƙorafinsu na biyu a kan lissafi ne. Babu wanda ya taɓa ƙirga kifin da ya mutu bayan saki. Ma'aikatan hukuma na tsayawa a wasu mashigai suna tambayar masu fitowa: awa nawa kuka yi, nawa kuka kama, nawa kuka saki? Daga nan a ƙiyasta na sauran tafkin, a haɗa da zafin ruwa, na'ura ta fitar da adadi. Mai masauki na cewa: da ƙiyasi a kan ƙiyasi za a rufe mini kasuwa? In dubban kifaye na mutuwa, ina gawarwakin? Wannan tambaya ta ƙarshe tana da amsa, don kifi da yawa nutsewa yake, wanda ya taso kuma tsuntsaye ba sa barinsa ya kwana. Amma ta farkon tana da nauyi. Ƙiyasi na iya yin sama, yana iya yin ƙasa, kuma in ya yi kuskure ba ma'aikacin da ya yi lissafin ke asara ba.

Sai hujjar da na fi ɗauka da muhimmanci a nasu ɓangaren: ba mai fatsa ya jawo matsalar ba, don me shi zai sha maganin? Kwamitin masana daga wajen hukumar da ya duba lamarin ya ba da rahoto a farkon 2015 cewa wolai na haihuwa yadda ya kamata a tafkin, inda gizo ke saƙar shi ne 'ya'yan ba sa kaiwa girma, ana cinye su tun suna ƙanana. Ruwa ba ya tsami banza, kuma tafkin da kansa ne ya canja. Tun shekarun 1990 ruwan ya fara washewa. A 2005 aka ga wata 'yar halitta mai ɓawo biyu da zane irin na jakin dawa, baƙuwa daga yankin tekun Kasfiya da Baƙin Teku, wadda jiragen dakon kaya suka kawo manyan tafkunan Amurka a shekarun 1980. Tana manne wa duwatsu bila adadin tana tace ruwa, tana kwashe ƙananan halittun da 'ya'yan kifi ke dogaro da su. A 2009 wani baƙon ƙwaron ruwa mai ƙaya a wutsiya ya biyo baya. Kifin da Allah ya yi wa ido don duhu, sai ga shi a ruwa garau. Binciken da Gretchen Hansen ta jagoranta, wanda aka buga a 2019, ya nuna washewar ruwan ta rage wurin da ya dace da zaman wolai a tafkin. Ga kuma ɗumamar yanayi: hukumomin jihar sun bayyana a 2021 cewa cikin shekara 50 tafkunan Minesota sun rasa kwana 10 zuwa 14 na ƙanƙara, ruwan saman kuma a Yuli da Agusta ya ƙara ɗumi da kusan digiri 2. Don haka, in ji su, misalin Red Lake bai hau ba. Can yawan kamu ne ya yi ɓarna, da aka daina kamu aka warke. Nan ko an kulle tafki shekara goma, ruwan ba zai koma yadda yake a da ba.

Kuma suna tunatar da cewa kuɗin da hukuma ke binciken da shi daga aljihun mai fatsa yake fitowa, ta lasisi da ta harajin kayan fatsa da dokar tarayya ta 1950 ta kafa. Yaron da bai taɓa jin kifi ya ja zare a hannunsa ba, da wuya ya girma ya damu da tafki.

Akwai wata hujja da ake yawan ji a shagunan bakin tafkin wadda ba zan sa ta a sikeli ɗaya da waɗannan ba, wato ɗora laifin a kan Ojibwe. Gaskiya ne suna kafa taru suna kuma sukar kifi da mashi daidai lokacin da ƙanƙara ta narke, sa'ad da wolai ke matsowa gaɓa don zuba ƙwai, kuma na fahimci yadda hakan ke sosa zuciyar wanda aka hana ɗaukar ko ɗaya. Amma kifin Ojibwe shi ne wanda aka fi sanin lissafinsa a duk tafkin, don ma'aikata na tsaye a gaɓa suna aunawa suna rubutawa kafin a tafi da shi. Rahoton masana bai sami cewa tarun ne ya karya tafkin ba, tunda ƙwai na ƙyanƙyashewa da yawa. Kuma a 2015, da abin ya yi tsanani, shugabar Ojibwe na Mille Lacs, Melanie Benjamin, ta sanar cewa mutanenta za su jingine taru a shekara mai zuwa. Mutanen da suka ba da ƙasarsu a kan alkawari, suka jira fiye da shekara 160 kafin kotu ta tabbatar da shi, suke kuma kamun don ci da rabawa dattawa, ba su ne ya dace a fara nuna wa yatsa ba.

Ina na tsaya? Na fi karkata ga masu cewa a ɗaga wa kifi ƙafa lokacin tsananin zafi, amma ba don na raina asarar masu masauki ba. Hujjar cewa ba mai fatsa ya jawo ba, gaskiya ce, sai dai ba ta kai inda suke son kai ta ba. In tafki ya raunana saboda abubuwan da ba mu da iko a kansu, sai abin da muke da iko a kansa ya ƙara muhimmanci. Ba wanda ya san yadda za a kwashe baƙin halittun nan daga tafki mai wannan girma, ba wanda zai sanyaya ruwan Yuli. Ƙugiya kaɗai ce ke hannun mutum. Sannan akwai abin da ke damuna wanda ba na lissafi ba. Mu da aka rene mu a kan cewa ba a wasa da ran dabba, in za ka kama ka kama don ci, sai mu ga saki ya fi kyau ne idan kifin zai rayu. Wanda ya san ɗaya cikin goma zai mutu a banza, ya kuma saki arba'in a yini, ya kashe huɗu ke nan, ba wanda ya ci, ba wanda ya amfana. Da ya kama biyu ya tafi da su gida iyali suka ci, ya naɗe zarensa, da ya fi tausayi. Suwizalan ta yi nisa a wannan tunani har ta hana fita fatsa da niyyar saki tun daga farko. Ban ce Minesota ta bi ta ba, don saki a ruwan sanyi ya ceci manyan kifaye masu ƙwai da yawa. Amma ɗaukar saki a matsayin abin da ba shi da illa ko yaushe, wannan ya kamata a daina.

Inda masu masauki suka yi gaskiya tsantsa shi ne yadda ake rufewar. Rufewa ta ba-zata zalunci ce. Hukumar ma kamar ta gane haka, don a 2020 da 2021 tun kafin a buɗe fatsa aka sanar da ranakun Yulin da za a rufe, kowa ya tsara kansa. Akwai kuma hanyoyin da ba su kai kulle tafki ba. A jihar Montana, in ruwan kogi ya kai kusan digiri 23 kwana uku a jere, hukuma kan hana fatsa daga ƙarfe biyu na rana zuwa tsakar dare, a bar safiya a buɗe. Masu farautar maski, wani ƙaton kifi mai haƙora da ke tafkunan Minesota da Wiskonsin, da yawansu sun ɗora wa kansu ƙa'ida ba tare da doka ba: in ruwa ya kai wajen digiri 27, sai su ajiye sanda. Ana iya hana abinci mai rai a makonnin zafi, ana iya koya wa baƙi su cire ƙugiya kifi na cikin ruwa, su yanke zare in ya haɗiye maimakon su yi ta tono. Kuma in jiha ta rufe tafki don amfanin kowa, bai kamata 'yan garuruwa huɗu ko biyar su ɗauki asarar su kaɗai ba. A 2016 majalisar jihar ta ware wasu kuɗi na rance da tallafi ga 'yan kasuwar yankin, amma irin wannan taimako kamata ya yi ya kasance a shirye tun kafin rufewa, ba sai an yi kuka ba.

Wani abu kuma da ke faruwa a ƙarƙashin ruwan, ko an so ko an ƙi. Ruwa mai haske da ɗumi da ya takura wa wolai ya yi wa kifin bas mai ƙaramin baki daɗi. A 2016 da 2017 aka yi babbar gasar ƙwararrun masu kamun bas a tafkin, a 2017 kuma mujallar Bassmaster ta sa Mille Lacs a matsayi na ɗaya a duk Amurka. Wasu masauka sun cika da baƙi daga jihohin kudu, masu jan jiragensu ɗaruruwan kilomita. Tsofaffin masu fatsa na yankin ba su cika murna da wannan ba: mai neman bas yakan zo da jirginsa da kayansa, ba ya sayen matsattsaku, ba ya hawa babban jirgin haya, kuma a wurinsu bas ba kifin ci ba ne. Ina ganin suna da dalilin baƙin ciki, don abin da suke rasawa ba ciniki kaɗai ba ne, har da daren da ake soya kifi a bakin ruwa da jikoki. Amma masaukin da ya iya tarbar mai neman bas a Yuli da mai neman wolai a Mayu da Satumba shi ne zai fi jure shekarar da aka rufe.

Wolai ɗin ma bai ƙare ba. 'Ya'yan da aka ƙyanƙyashe a 2013 sun rayu da yawa, su ne suka riƙe tafkin a shekarun ƙunci, kuma kare su har su kai haihuwa na cikin dalilan tsaurara doka a lokacin. A 2025 aka bar mai fatsa ya tafi gida da biyu a yini tun daga ranar buɗewa. Masu goyon bayan rufewa na cewa haƙurin ne ya biya. Masu adawa na cewa dama kifin na nan, hukuma ce ta firgita. Ni dai abin da zan so a yi yanzu da ake cikin sauƙi shi ne jiha da ƙabilun Ojibwe da masu masauki su zauna su rubuta tun da wuri: in ruwa ya kai digiri kaza, kwana kaza a jere, ga abin da za a dakatar, ga wanda za a bari, ga tallafin da zai biyo baya. A manna shi a kowane mashigin jirgi, a kuma aika wa kowane baƙo ranar da ya kama ɗaki a watan Janairu.